Pixies: Ƙungiyar Da Ta Yi Shuka Wasu Suka Fara Girbi

A watan Satumban 1991 wasu faya-fayai biyu na kiɗan rock suka shiga kasuwa. Ɗaya shi ne Nevermind na ƙungiyar Nirvana, wanda a watan Janairun 1992 ya hau matsayi na ɗaya a jadawalin cinikin faifai na Amurka, ya sauke Michael Jackson daga kan kujerar. Ɗayan kuma Trompe le Monde ne na ƙungiyar Pixies, wanda a gida Amurka ko cikin hamsin ɗin farko bai leƙa ba, kuma daga shi sai watsewa. Amma Kurt Cobain, jagoran Nirvana, da bakinsa ya shaida wa mujallar Rolling Stone a farkon 1994 cewa lokacin da yake tsara "Smells Like Teen Spirit", waƙar da ta ɗaga su, salon Pixies yake ƙoƙarin kwaikwaya: a yi ƙasa-ƙasa da kiɗa, sannan a saki ƙara gaba ɗaya. Salon nan yana da sassa da ake iya ƙirgawa da yatsu, kuma rashin kuɗi da ƙarancin gogewa suna cikin abin da ya haife shi.

A shekarun 1980 kasuwar waƙa a Amurka tana hannun manyan kamfanoni 'yan ƙalilan. Su ke da hanyar kai faifai shaguna, su manyan gidajen rediyo ke saurara. A gefe guda kuma akwai ƙaramar kasuwar da ake kira indie, ta ƙananan kamfanoni masu cin gashin kansu irin su SST a California, Dischord a birnin Washington DC da Sub Pop a Seattle. Tallarta tana hannun gidajen rediyon jami'o'i da ɗalibai ke gudanarwa, da ƙananan mujallu da ake bugawa da injin kwafi. Ƙungiya kan loda kayanta a ƙaramar bas ta bi gari-gari, ta yi wasa a ɗakin da bai wuce cin mutum ɗari biyu ko uku ba. A cikin wannan kasuwa Pixies suka tashi.

Charles Thompson da Joey Santiago sun haɗu ne suna ɗalibai a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst. An haifi Santiago a Manila ta ƙasar Filifins, iyayensa suka kawo shi Amurka yana yaro. Thompson ya je San Juan ta Puerto Rico karatun Sifaniyanci, ya yi kamar wata shida, ya ajiye karatun ya dawo, su biyun suka kafa ƙungiya a Boston a farkon 1986. Suka buga talla a jarida suna neman mai kaɗa jitar bes, wato jita mai kaurin sauti, wanda ke son ƙungiyar Hüsker Dü, masu kiɗa mai zafi da gudu, kuma yake son Peter, Paul and Mary, masu waƙa mai taushi da haɗin murya. Mutum ɗaya tak ya amsa: Kim Deal, 'yar garin Dayton a jihar Ohio, wadda ta zo ba jitar bes a hannu, domin har lokacin jita zalla take kaɗawa. Ta hanyar mijinta na lokacin aka samo mai ganga David Lovering, aka fara atisaye a garejin gidan iyayensa. Thompson ya laƙaba wa kansa suna Black Francis.

Wannan talla ta jarida ta riga ta faɗi komai game da ƙungiyar: zafi da taushi a cikin waƙa guda.

Yadda ake gina waƙar

A ɗauki "Tame" daga faifansu Doolittle, waƙar da ba ta cika minti biyu ba. Tana buɗewa da jitar bes da ganga kaɗai. Deal na kaɗa sauti ɗaya-ɗaya, bugu takwas daidai-wa-daida a kowane zagaye, ba ado ba lanƙwasa. Francis na raɗa kamar mai gaya maka magana a kunne. Jitocin nan biyu duk sun yi tsit. Ana zuwa amshi, a bugu guda sai su faɗo da cikakken ƙarfi, mai ganga ya koma kan farantan ƙarfe, Francis ya ware murya yana kururuwa da kalma ɗaya. Bayan 'yan daƙiƙoƙi komai ya ɗauke, a koma raɗa. Duk wanda ya daɗe a zaune cikin duhu aka kawo wuta ya san yadda ƙwai ɗaya ke kashe ido. Haka amshin nan yake yi wa kunne, domin an bar kunnen ya huta kafin a buge shi.

A faɗe abu ne mai sauƙi, amma ƙungiyoyi da yawa sun gwada sun kasa, kuma wuraren da ake tuntuɓe sanannu ne.

Na farko shi ne gudu. Jikin mai ganga yakan haɗa ƙarfi da sauri, da zarar ya fara duka da ƙarfi sai ya ƙara gudu ba tare da ya sani ba, idan aka dawo baiti kuma ya ja baya. Waƙa ta koma tana tangal-tangal. Lovering yana riƙe gudu ɗaya, nauyin hannu kawai yake sauyawa. Jitar bes ma haka: layin da take bi a baiti shi take bi a amshi, ita ce zaren da mai sauraro ke riƙewa lokacin da sauran kaya ke shiga suna fita. Gogaggen makaɗi yakan ji kunyar tsayawa kan sauti huɗu har waƙa ta ƙare, sai ya fara ƙawata su, da ya ƙawata kuwa ginin ya rushe. Deal ba ta da wannan larura, kuma tana kaɗawa ne da ɗan farantin roba maimakon yatsu, abin da ke sa kowane bugu ya fito da kaifi. A "Gigantic" ɗan gajeren layinta ne ke ɗauke da waƙar kusan daga farko har ƙarshe.

Sai matsalar na'ura. Mai jita yakan taka ɗan akwatin nan da ke ƙasa mai sa sauti ya yi kaushi, yana zaton ƙara za ta hau. Sau da yawa akasin haka ake samu, domin akwatin yana danne sautin ne, ya yanke ƙololuwarsa, sai amshi ya fito da kaushi amma bai fi baiti ƙarfi ba. Gyaran shi ne a fara saita amfilifaya a kan wurin da ya fi ƙara, sannan a sauko: a rage maɓallin sauti da ke jikin jitar a lokacin baiti, ko kuma a ɗauke hannu gaba ɗaya. Hanya ta biyu ita Pixies suka fi bi. Santiago, da jitarsa ƙirar Gibson Les Paul, yakan bar zagaye da yawa bai taɓa tsirkiya ba, idan ya shigo kuma sauti biyu ko uku ne yake ja yana lanƙwasawa har su yi kamar kuka. Bai bi hanyar manyan makaɗan jita na zamaninsa masu dogon taƙama da gudun yatsu ba. A ganina shi ne wanda aka fi tauye wa yabo a cikin su huɗun.

Akwai kuma tsayi. Kunne yana saurin sabo. Karo na uku da aka maimaita dabarar, ta daina ba da mamaki. Shi ya sa waƙoƙinsu gajeru ne. Doolittle waƙa 15 ne a cikin ƙasa da minti 40. Lokacin da furodusa Gil Norton ya so a tsawaita wasu, Francis ya kai shi shagon faifai ya miƙa masa tarin waƙoƙin tsohon mawaƙin rock Buddy Holly, waɗanda yawancinsu minti biyu ne ko kusa da haka, aka bar maganar. Francis yana da wata dabara ta hana sabo: maimakon ya jera zagaye huɗu-huɗu ko takwas-takwas kamar yadda aka saba a rock, yakan yanke ɗaya ko ya ƙara, sai juyi ya zo kafin ka shirya masa.

A saman duk wannan akwai murya biyu. Ta Francis mai tsawa da haushi, ta Deal mai sanyi kamar ba abin da ya dame ta. Kalmomin kuwa ba na kowa da kowa ba ne. Francis ya taso a gidan da suka rungumi cocin bishara, don haka labaran Tsohon Alkawari irin na Samson da Delila sun cika waƙoƙinsa, tare da gutsattsarin Sifaniyancin da ya tsinta a San Juan, da zancen rauni, mutuwa da sha'awa a faɗe ba sakayawa. Daga baya ya koma kan sararin samaniya da baƙin halittu.

Situdiyo: dala 1,000, dala 10,000, dala 40,000

A watan Maris na 1987 suka shiga situdiyon Fort Apache a Boston tare da furodusa Gary Smith, wanda ya gan su suna buɗe wa ƙungiyar Throwing Muses wasa. Cikin kwana uku suka ɗauki waƙa 17, da dala 1,000 da mahaifin Francis ya bayar. Kaset ɗin ya isa hannun Ivo Watts-Russell, mai kamfanin 4AD a Landan, ya zaɓi takwas ya fitar da su a watan Satumba da sunan Come On Pilgrim. Daga nan abin da zai bi su har ƙarshe ya fara: ƙungiyar Amurka ce, amma kamfaninta da mafi yawan masoyanta suna Ingila.

Faifai na gaba, Surfer Rosa, an ɗauke shi a situdiyon Q Division a ƙarshen 1987 cikin kimanin kwana goma, a kan dala 10,000, ya fito a watan Maris na 1988. Mai ɗaukar sautin shi ne Steve Albini daga Chicago, kuma hanyarsa ta cancanci a tsaya a kanta. Abin yayi a lokacin shi ne a manna makirufo a jikin kowace ganga, a kashe sautin ɗaki, sannan a ƙara amsa-kuwwa ta na'ura. Albini yana kafa wasu makirufo nesa da gangunan domin su kama yadda sautin ke dukan bango yana dawowa. Shi ya sa gangar da ke buɗe faifan take ji kamar kana tsaye a ɗakin. Wannan hanya tana da tarko. Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa ɗaya, don haka makirufon da ke nisan mita uku da rabi yana jin bugun ne bayan kusan kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. Idan aka haɗa shi da na kusa ba a lura ba, sautukan biyu kan ci juna, nauyin ganga ya ɓace, ta koma kamar ana dukan kwali. Dole a yi ta matsar da makirufo ana saurare har a dace. Kuma idan ɗakin kansa ba shi da daɗin sauti, ko makaɗin ba ya duka daidai, babu inda za a ɓoye aibin.

Inda babu kuɗin na'ura, sai dabara. An kai Deal banɗakin situdiyo ta rera sashenta na "Gigantic" da "Where Is My Mind?" domin a samu amsa-kuwwa ta gaske daga bango. A wata waƙar an bi da muryar Francis ta cikin amfilifayar jita don ta yi kaushi. An bar hirarsu ta tsakanin ɗauka a cikin faifan. Mujallun Melody Maker da Sounds na Birtaniya duk sun zaɓe shi faifan shekara.

Albini ya karɓi dala 1,500 ladan aikinsa, ya ƙi karɓar kason ciniki. Al'adar kasuwa ita ce furodusa ya samu wani kaso, sau da yawa wajen kashi 3 cikin 100, a kan kowane faifai da aka sayar har abada, kuma daga rabon mawaƙa ake cire shi. Albini yana ganin wannan cin haƙƙi ne. Ya taɓa rubuta wa Nirvana cewa a biya shi kamar mai gyaran famfo, ya yi aiki a sallame shi. Nirvana sun neme shi ya ɗauki faifansu In Utero a 1993 ne saboda sautin Surfer Rosa da na Pod, faifan farko na The Breeders, ƙungiyar da Deal ta kafa daga baya, wanda shi ma Albini ya ɗauka. Ya rasu a watan Mayun 2024.

Doolittle ya bi wata hanya daban. Norton, ɗan Ingila, ya zauna da su ana gyaran waƙoƙi tun kafin a shiga situdiyo, aka fara ɗauka ranar 31 ga Oktoban 1988 a Downtown Recorders, da kasafin dala 40,000, ninki huɗu na baya. Ya fito da muryoyi gaba, ya jera jita a kan jita, ya kawo masu goge irin na Turai su huɗu a "Monkey Gone to Heaven". Masu son kaushin Albini sun ce an yi wa ƙungiyar kwalliya. Ni dai ina ganin tsabtar Norton ta ƙara wa dabarar ƙarfi, domin shirun ya fi zama shiru. Faifan ya fito a watan Afrilun 1989, ya kai matsayi na 8 a Birtaniya, a Amurka kuwa, duk da babban kamfanin Elektra ne ya rarraba shi, ya tsaya a na 98. Sai a 1995 ya cika kwafi 500,000 a can, ya cika miliyan ɗaya a 2018.

Abin da ya raba su

Faifai biyar cikin shekara biyar, daga 1987 zuwa 1991, da rangadi a tsakani babu hutu, ya isa ya gajiyar da kowa. Amma akwai abin da ya fi gajiya nauyi, wato wa ke rubuta waƙa. A wannan sana'a haƙƙi biyu ne a kan kowace waƙa: na sautin da aka ɗauka, da na rubutun waƙar kanta. Kuɗin na farko ba ya isa ga mawaƙa sai kamfani ya fara cire abin da ya kashe a situdiyo. Na biyu kuwa na marubuci ne, yana shigo masa duk lokacin da aka sa waƙar a rediyo, ko a fim, ko wani ya sake rera ta. Don haka a ƙungiyar da mutum ɗaya ke rubuta kusan komai, mutane huɗu na kwana a mota ɗaya amma makomarsu ba ɗaya ba ce, ko a aljihu ko a suna.

Francis ne marubucin Pixies. Deal tana da hannu a "Gigantic", wadda ita ta rera kuma jama'a suka fi so a wajen wasa, da "Silver" a Doolittle. A Bossanova na 1990 da Trompe le Monde babu waƙarta ko ɗaya, muryarta ma ta ja baya. Tsamin dangantaka ya fito fili a rangadin Turai na 1989, inda Francis ya jefe ta da jita a kan dandamali a Stuttgart ta Jamus. Aka tafi hutu, ita kuma ta kafa The Breeders tare da Tanya Donelly, ta zuba waƙoƙinta a can. Ba na ganin laifin ɓangare ɗaya ne. Francis yana da hujjar cewa salon ƙungiyar daga alƙalaminsa ya fito, amma muryar Deal rabin abin da ke sa tsawarsa ta yi tasiri ce, kuma faya-fayai biyun ƙarshe sun nuna giɓin, duk da Bossanova ya kai matsayi na 3 a Birtaniya kuma a shekarar suna cikin manyan mawaƙan da suka rufe dare a bikin kiɗa na Reading.

A 1992 sun buɗe wa shahararriyar ƙungiyar U2 wasanni a manyan filayen Amurka, gaban jama'ar da ba su suka zo kallo ba. A watan Janairun 1993 Francis ya faɗa a wata hira da rediyon BBC cewa ƙungiya ta ƙare, alhali sauran ba su sani ba. Ya kira Santiago a waya, Deal da Lovering kuwa takardar faks ya aika musu.

A shekarar ce The Breeders suka fitar da Last Splash, wanda ya sayar da fiye da kwafi miliyan ɗaya a Amurka, abin da Pixies ba su taɓa gani ba kafin watsewarsu. Francis ya juya sunansa ya koma Frank Black ya ci gaba shi kaɗai. Santiago ya koma tsara kiɗan talabijin da fim. Lovering ya ajiye ganga ya zama mai wasan dabo.

Girbin da ya zo a makare

Suna a watse sunansu ya yi ta girma. Bayan Nirvana, tsarin baiti a ƙasa amshi a sama ya zama ruwan dare a rediyon Amurka, har ya gundura, domin yawancin masu kwaikwayo sun ɗauki ƙarar sun bar gajarta da karkataccen lissafin zagaye. Fasahar zamanin ma ta yi masa illa. Daga shekarun 1990 aka shiga gasar wane faifai ya fi ƙara, masu gyaran ƙarshe suna danne sauti har wurin raɗa da wurin kururuwa su zo kusan daidai a ma'auni, ka ji jita ta shigo amma ba ka ji ta buge ka ba. 'Yan ƙungiyar Radiohead sun sha ambaton Pixies cikin waɗanda suka koya daga gare su, mawaƙi David Bowie ya sake rera waƙarsu "Cactus" a 2002, fim ɗin Fight Club na 1999 kuma ya rufe da "Where Is My Mind?", ya kai ta kunnen matasan da ba su san ƙungiyar ba.

Da suka sake haɗuwa, wasan farko a wani ƙaramin gidan kiɗa aka yi shi a Minneapolis ranar 13 ga Afrilun 2004. Daga nan sai bikin Coachella, sai dare huɗu a Brixton Academy ta Landan da tikitinsu ya ƙare nan take. Cinikin tikitin rangadin shekarar ya haura dala miliyan 14. Wasu sun zarge su da dawowa don kuɗi, su ma ba su ɓoye cewa kuɗi na ciki ba. Ban ga abin zargi a nan ba. Mutane ne da wasu suka yi arziki da salonsu, suka zo karɓar nasu bayan shekara 11.

Kusan shekara goma suna yawo da tsofaffin waƙoƙi, in ban da guda ɗaya sabuwa da Deal ta rubuta a 2004. Deal ta fita a watan Yunin 2013. Kim Shattuck ta riƙe jitar bes na 'yan watanni, Paz Lenchantin ta karɓa ta yi shekara goma, Emma Richardson ta gaje ta a 2024. Sun fitar da sababbin faya-fayai biyar: Indie Cindy a 2014, Head Carrier a 2016, Beneath the Eyrie a 2019, Doggerel a 2022 da The Night the Zombies Came a 2024. Akwai waƙoƙi masu kyau a ciki, musamman a Beneath the Eyrie, amma an fi cika su da kaya, sun fi tsayi, kuma makaɗan sun ƙware har ba sa barin giɓin da suke bari a da. Wanda ke son ya ji bambancin da kunnensa, ya sa Surfer Rosa a lasifika mai kyau, ya saita ƙarar a kan wurin da ya fi shiru yadda zai ji shi sosai, kada ya sake taɓa maɓallin har faifan ya ƙare, sannan ya yi wa Indie Cindy haka.